Yadda na koya wa autata riƙe almakashi

Ɗinki nake yi a gida, don haka almakashi a ɗakina kamar ludayi yake a kicin. Da farko ɓoyewa nake yi a saman kwaba. Ranar da autata ta taka kujera ta ɗauko babban, ta datse jelar kitsonta guda, ta zo tana cewa "Umma, na yi aski", ranar na gane ɓoyo ba zai kai mu ko'ina ba. Shekarunta 3 da rabi lokacin.

Sai na shiga Kasuwar Sabon Gari na sayo mata nata: ƙarami, mai hannun roba, bakinsa a zagaye ba tsini. Ki gwada shi a kan takarda kafin ki biya. Wanda ya dakushe tauna takarda yake yi, yaro ya yi ta dannawa da ƙarfi har ya kuɓuce masa. Idan yaronki bahago ne, ki nemi na bahagwai, domin a juye aka haɗa bakinsa don ya riƙa ganin layin da yake bi. Cin abinci da hannun dama daban ne, wannan kuwa ki bar shi da hannun da ya fi masa.

Riƙon ne ya fi ba mu wuya. Babban yatsa a ƙaramin rami, yana kallon sama. Manuniya da na tsakiya a babban rami. Ita kuma kullum sai ta kife hannun, gwiwar hannu ta tashi kamar fiffiken kaza. Na ɗiga mata lalle a farcen babban yatsan, na ce muddin tana yanka, ta tabbata tana ganin jan. Na kuma saƙala mata littafi a hammata na ce kada ya faɗi. Kwana kaɗan hannun ya zauna.

Kada ki fara da takardar littafin rubutu, lanƙwashewa take yi. Mu da kwalin sabulu muka fara, na yayyanka shi siri-siri, faɗin yatsa, yadda datsa ɗaya za ta raba shi. Daga nan ganyen mangwaro, sannan layi miƙaƙƙe mai kauri da na ja da alƙalamin maka. Da'ira sai da ta haura shekara 4, kuma sirrinta yana ɗaya hannun: takardar ake juyawa, almakashin yana fuskantar gaba, nesa da ciki. Minti 10 ya isa. Da kin ga ta fara cije leɓe tana jan takarda, ki karɓe.

Dokokina ba su da yawa. A zaune ake yanka a kan tabarma, ina wurin. Ba gashi, ba kaya, ba wayar wuta. In za ta tashi da shi, ta rufe bakin ta damƙe shi a tafin hannu, ta miƙo min ta wajen hannun almakashin. Wadda ta karya doka, almakashi ya kwana a wurina.

Sau ɗaya ta yanki gefen yatsa. Na danne da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, na wanke da ruwa da sabulu, na sa filasta, washegari muka ci gaba. Rezar da yayyenta ke fiƙe fensir da ita ma na kwashe na ba su shafana.

Yanzu tana da shekara 5, ita ke datse min zaren da ya rage a bakin ɗinki. Atamfar mutane dai har yau a saman kwaba take.