Yadda Za Ku Kula da Sukarin Jinin Yaro Mai Cin Abincin Keto Ba Tare da Kun Hana Shi Wasa Ba

Abincin keto magani ne da likita ke ɗora yaro a kai, galibi mai farfaɗiyar da ta gagari ƙwayoyi. Tun 1921 aka fara amfani da shi a asibitin Mayo da ke Amurka. Ana cika kwanon yaron da maiƙo, irin su man shanu, ƙwai, kwakwa da piya, a janye masa tuwo, shinkafa, gurasa da fura, har jiki ya koma ƙona kitse. A tsari mafi tsauri, giram 4 na maiƙo ake sa wa kowane giram 1 na sauran abubuwan gina jiki da masu sitaci a haɗe. Yaro mai ciwon sukari da ke allurar insulin kuwa lissafinsa daban ne, kada a gwada masa abin da ke nan.

Da yake sukarin yaron ƙasa-ƙasa yake zama, iyaye da yawa sai su kulle shi a ɗaki, ba ƙwallo ba langa. A ganina wannan cutarwa ce. Ɗan yayata shekararsa bakwai, yana kan wannan abincin, kuma kullum bayan la'asar yana wasa a layi da sa'o'insa.

Ku fara da mallakar na'urar gwajin sukari. Ana samunta a manyan kemis da Kasuwar Sabon Gari. Ku duba da wane ma'auni take lissafi. Wata za ta nuna 72, wata ta nuna 4.0, alhali abu ɗaya suke faɗa: an raba na farkon da 18 ne. A ma'aunin farko, wato mai nuna 72 ɗin, yaro mai cin keto yakan zauna tsakanin 50 da 80 yana ta tsalle-tsallensa, lambar da za ta firgita wanda bai sani ba. Asibitoci da dama ƙasa da 40 suka ɗauka layin haɗari, wasu sukan ɗaga shi sama kaɗan. Ku sa likitan yaron ya rubuta muku tasa lambar, a manna a bango. A wanke hannu a goge kafin a huda gefen yatsa, domin ɗan ruwan mangwaro a fata ya isa ya sa na'ura ta yi ƙarya.

Makonnin farko sun fi buƙatar sa ido, jiki bai gama sabawa ba. Wasa ya zama kaɗan-kaɗan, a gwada kafin ya fita da bayan ya dawo, a rubuta a littafi tare da abin da ya ci. Kada ya fita da yunwa, kada kuma a tsallake abincin rana don an makara Islamiyya.

Sai ruwa. Zafin Kano a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, abincin nan kuma yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Gora ta bi shi duk inda ya je, kuma zallar ruwa, ban da zoɓo mai sukari ko kunun aya. Wasan tsakar rana a bar shi. Wanka a kududdufi ko hawan bishiya ba na mai farfaɗiya ba ne.

Idan ya dawo yana haɗa gumi mai sanyi, jiki na rawa, fuska ta kwashe, ko barci na fizgarsa ba lokacinsa ba, ku zaunar da shi a inuwa ku gwada. In lambar ta faɗa ƙasa da layin likita, ku ba shi mililita 30 na ruwan lemon zaƙi, wato cokalin shayi shida, ku sake gwadawa bayan minti 15. Nan ake samun kuskure. Ranar da abin ya fara faruwa a gidanmu, kakarsa ta taso da kwalbar lemo cikakkiya tana cewa, "Ku ba shi ya shanye mana, yaro zai sheƙe kuna awo!" Yayata ta riƙe hannunta: "Hajiya, ki yi haƙuri, in ya shanye wannan ciwon ne zai iya dawowa." Sukari mai yawa a lokaci guda yana rushe aikin abincin. Cokali shida aka ba shi, da aka sake gwadawa sukarin ya hau.

Idan kuwa ya suma ko jijjiga ta kama shi, ba a ɗura masa komai, ba a cusa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe. Jijjigar da ta wuce minti 5, ko amai tare da numfashi da sauri-sauri, sai asibiti nan take, Malam Aminu Kano ko Murtala ko wanda ya fi kusa. Kuna isa ku ce yaron yana kan keto kafin a rataya masa ƙarin ruwa, domin wani ruwan akwai gulukos, wato sukari, a ciki. Haka maganin zazzaɓi na ruwa, yawancinsa da sukari. Ku tambayi likita ko akwai ƙwaya.

Malamin Islamiyya da na boko su ma a sanar da su, musamman saboda alewa da biskit na sadaka. A jakar yaron a saka takarda mai ɗauke da lambar wayar uwa da ta uba, da lambar da likita ya rubuta, da adadin cokalin.