Yadda Mai Bi Zai Gyara Maganarsa Tun Daga Zuciya

Duk wanda ya taɓa yin alkawarin daina zagi ko gulma a sujadar daren shiga sabuwar shekara ya san yadda irin wannan alkawari yake ƙarewa. Mutum yakan kame bakinsa na ɗan lokaci, sai wata rana mai Keke Napep ya goge shi a Ƙofar Ƙaura, ko yaro ya kifar da miya, kalmar da aka yi niyyar bari ta fito da ƙarfinta kamar ba a taɓa ɗaure ta ba. Dalili kuwa shi ne an kama aikin daga baki, alhali tushensa yana ciki. A Matiyu 12:34 Yesu Almasihu ya ce abin da ya cika zuciya shi ne baki yake furtawa, kuma ya faɗi haka ne ga Farisiyawa, mutanen da suka fi kowa iya maganar addini a zamaninsu, bayan ya warkar da wani mai aljan wanda yake makaho kuma bebe, su kuwa suka ce da ikon Ba'alzabul, sarkin aljannu, ya yi. Ƙiyayyar da ke cikinsu ita ta zaɓar musu kalmomi. Guga ba ya ƙirƙirar ruwa, abin da ke rijiya shi yake ɗebowa, don haka wanda ya ga laka a cikin guga sai ya yi shirin yasar rijiya.

Aikin farko shi ne ka saurari kanka na tsawon mako guda, kafin ka yi yunƙurin canza komai. Kada ka ƙirga abin da ka faɗa a majami'a ranar Lahadi, domin a can kowa da shirinsa yake zuwa, gaisuwa ma tsararriya ce. Maganar da za ta nuna maka gaskiyar zuciyarka ita ce wadda ta fito ba shiri: abin da ka ce wa uwargida lokacin da ta tambayi kuɗin cefane a ƙarshen wata, abin da kika ce wa 'yar aiki, abin da aka faɗa game da Baba Fasto a hanyar komawa gida bayan an gama yi masa sannu da aiki. Kowane dare ka rubuta magana biyu ko uku da ka tuna, da wanda ka faɗa wa, da abin da kake so ya faru sa'ad da ka faɗe su. Wanda yake amfani da WhatsApp yana da shaida a hannunsa, sai ya koma ya saurari saƙonnin muryar da ya tura a makon, zai ji kansa kamar yadda wasu suke jin sa. Idan kuma kana da ƙarfin hali, ka tambayi mutanen gidanka wace kalma ce suka fi ji daga bakinka idan ranka ya ɓaci, ka kuma yi shiru har su gama ba da amsa.

Bayan haka sai bin sawun kowace magana zuwa inda ta fito. A Markus 7:21-22 Yesu ya jera abubuwan da suke fitowa daga zuciyar mutum, a ciki har da kwaɗayi, da yaudara, da hassada, da yanke, da girman kai, kuma wannan jeri ya isa ya zama ma'auni. Ƙarya sau da yawa 'yar tsoro ce, tsoron kunya ko tsoron asara. Gulma takan fito daga hassada, ko daga son a ce kai ne mai labari. Tsawar da ake yi wa yara da yamma wani lokaci ba laifinsu ne ya jawo ta ba, wulaƙancin da mahaifin ya haɗiye a wurin aiki ne ya sami inda zai sauka. Ka lura musamman da yadda kake ambaton mutum idan ba ya nan. A misalin ɗan da ya ɓata, a Luka 15, wanda ya lalatar da gadonsa ya dawo gida mahaifinsa ya karɓe shi da biki, babban wan bai zagi kowa ba, amma da ya zo magana da mahaifinsa sai ya ce "ɗan nan naka", ya ƙi cewa ƙanena, mahaifin kuwa ya mayar masa da "ɗan'uwan nan naka". Idan ka ji kanka kana cewa "mutumin naku" ko "waccan" game da wanda kuke cin Jibin Ubangiji tare, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, to ka riga ka cire shi daga zuciyarka tun kafin bakinka ya sanar.

A nan ne mutanen ƙasar Katsina da Daura suke bukatar ƙarin kula, saboda tarbiyyarmu ta kunya da kara da kawaici tana iya rufe ciwon ba tare da ta warkar da shi ba. An koya mana tun muna yara kada mu ɗaga wa babba murya, kada mu fito da ɓacin rai a fili, kuma wannan abu ne mai kyau wanda bai kamata a yar ba. Amma zuciyar da aka hana ta fita ta babbar ƙofa takan nemi wata hanya. Sai ta bi ta habaici, inda mace za ta yi wa ɗanta faɗa da ƙarfi a tsakar gida alhali maƙwabciya ake nufi, ko ta bi ta gatse, inda za a ce "sannu da ƙoƙari" da muryar da kowa ya san ma'anarta. Gaba ma magana ce, domin wanda ya yi wata uku bai gaida ɗan'uwansa ba ya faɗi abu mai yawa. Mafi haɗari a cikinsu, a ganina, ita ce gulmar da take sanye da rigar addu'a. A taron zumuntar mata ko na dattawa sai wani ya ce a sa iyalin wane a addu'a, sa'an nan ya kwashe minti goma yana bayyana abin da ya faru tsakanin mijin da matar, addu'ar kuwa ba ta kai minti ɗaya ba. Hanyar gwada wannan mai sauƙi ce: idan mai matsalar yana zaune a wurin, za ka faɗi abin da yawan da ka faɗa? Idan amsar a'a ce, ka ce kawai akwai iyalin da ke cikin damuwa, Allah ya san sauran. Karin Magana 26:20 ta ce inda babu itace wuta takan mutu, haka kuma inda babu mai tsegumi faɗa yakan kwanta.

Idan ka gano tushen, ka kai shi gaban Allah da sunansa. Addu'ar "ka gafarta mana zunubanmu" a dunƙule tana da wurinta, amma a wannan aiki ya fi amfani mutum ya ce, "Ubangiji, ina jin hassadar wane saboda shagonsa ya fi nawa ciniki." Dawuda a Zabura 51:10 ya roƙi Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta, a Zabura 139:23-24 kuma akwai roƙon Allah ya bincike zuciya ya ga ko akwai muguwar hanya a cikinta. Annabi Ishaya, da ya ga ɗaukakar Ubangiji a sura ta 6, abin da ya fara kuka da shi shi ne leɓunansa marasa tsarki, kuma garwashin da ya tsarkake su daga bagade aka ɗauko shi. Wannan yana nuna cewa sabunta zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, namu shi ne mu daina ɓoye abin da ke ciki.

Zuciyar da aka share kuma tana bukatar abin da zai cika ta, shi ya sa Kolosiyawa 3:16 ta ce maganar Almasihu ta zauna a cikinmu a yalwace. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yanzu kuma wanda bai iya karatu ba yana iya sauraron sa a waya. Littafin Karin Magana yana da sura 31, wato sura ɗaya kowace rana a wata, kuma da wuya ka yi kwana biyu ba ka gamu da aya a kan harshe ba. Wasiƙar Yakubu sura 5 ce kacal, ana iya karanta ta a zama ɗaya. Daidai da haka, ka duba abin da yake shiga ta kunne. Majalisar da ba ta da abin yi sai cin naman mutane, da rukunin waya da ba a tura komai sai abin da zai tayar da fushi, suna zuba maka abin da za ka furta gobe, saboda haka rage zama a cikinsu yana daga cikin gyaran.

Kafin zuciya ta gama gyaruwa, baki yana bukatar mai gadi, kuma Zabura 141:3 roƙon wannan gadi ne. Yakubu 1:19 ya ba da tsarin: saurin ji, jinkirin magana, jinkirin fushi. A aikace, idan ranka ya ɓaci kada ka amsa saƙo sai ka kwana, idan kuma ido da ido ne ka ce za ka dawo a yi magana, ka kuma cika alkawarin dawowar. Mai ciniki a babbar kasuwar Katsina ya daina rantsuwa da sunan Allah a kan kuɗin da ya sayo kaya, ya bar i ɗinsa ya zama i, a'a kuma a'a, kamar yadda Matiyu 5:37 ta koyar. Iyaye su tuna cewa a al'adarmu ana tsoron bakin uwa da na uba, don haka "ɗan banza" da "ba za ka yi albarka ba" suna zama a ran yaro shekaru da yawa. A tsawata masa a kan abin da ya yi, a bar tsinuwa. Game da maƙwabta Musulmi kuwa, masu bi da yawa a wajen Malumfashi da Ƙafur suna da 'yan'uwa na jini a cikinsu, ana haɗuwa a biki da suna da ta'aziyya. Kolosiyawa 4:5-6 ta ce a tafi da hikima wajen waɗanda ba na ikkilisiya ba, magana kuma ta kasance da alheri, gyararriya da gishiri. Abin da ake faɗa game da su idan an rufe ƙofa shi ne yara za su fita da shi waje, kuma labarin hari ko rikici da ba ka tabbatar ba, kada ka tura wa kowa.

Saura gyaran abin da aka riga aka ɓata. Matiyu 5:23-24 ta ce idan ka kawo baikonka, wato kyautar da kake miƙa wa Allah, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ka je da ƙafarka, kada ka aika saƙo idan tafiyar mai yiwuwa ce, ka kuma faɗi laifin yadda yake: "Baba, na ɗaga maka murya a gaban mutane, ban kyauta ba, ka yafe mini." Ka guji cewa "idan na ɓata maka rai", domin wannan "idan" tana mayar da laifin kan wanda aka cuta. Maigida ma yana iya ce wa matarsa ko ɗansa ya yi kuskure, girmansa ba zai zube ba. Idan a gaban mutum biyar ka ɓata sunan wani, mutanen nan biyar za ka koma ka gaya wa cewa abin da ka faɗa ba daidai ba ne. Wani zai ƙi karɓar tubanka a karon farko, kuma yana da damar ɗaukar lokaci. A irin wannan hali ka nemi dattijo ɗaya wanda ku biyu kuke girmamawa ya raka ka karo na biyu, ka ci gaba da gaishe shi duk inda kuka haɗu, kada kuma ka kai labarin ƙin nasa majalisa.