Kurakuran da aka fi yi wajen neman gajeriyar hanya da memrista

Memrista ɗan ƙaramin kayan lantarki ne da turjiyarsa, wato yadda yake tauye wucewar wuta, ke sauyawa gwargwadon wutar da ta ratsa shi, kuma ba ya mantawa ko an ɗauke wuta. Leon Chua ne ya yi hasashensa a 1971, kamfanin HP ya sanar da ƙera shi a 2008. A 2011 Yuriy Pershin da Massimiliano Di Ventra suka nuna yadda za a shimfiɗa memristoci kamar raga mai kwaikwayon hanyoyin da ake neman gajeriyar cikinsu, a saki wuta daga mashiga zuwa mafita. Gajeriyar hanya ta fi jan wuta, turjiyarta ta riga sauran faɗuwa, sai ta ƙara jan wutar. Kamar dai yadda ruwan sama ke cin ƙasa har ya yi kwazazzabo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin wutar ta daɗe. Idan ka yi haka, dogayen hanyoyin ma za su buɗe ɗaya bayan ɗaya, amsar ta ɓace a cikinsu. Idan kuma ka yi gaggawar yankewa, babu hanyar da za ta fito fili. Gwada tsawon lokacin a kan ƙaramar raga wadda ka riga ka san amsarta, sannan ka matsa gaba.

Wasu kuma su sa memrista ɗaya tal tsakanin mahaɗa biyu. To, yawancin memristoci suna da gaba da baya: wuta ta bi ta nan turjiya ta ragu, ta juyo ta ƙaru. Kai kuwa ba ka san ta inda za ta ɓullo ba. Shi ya sa ake haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, kowanne na fuskantar wani ɓangare, tare da makunni na toshe mahaɗin da babu shi a ainihin hanyoyin da ragar ke kwaikwayo.

Kafin kowane gwaji, mai da dukkansu kan turjiya mai yawa, in ba haka ba sawun jiya ne zai ba ka amsar yau. Wajen karanta sakamako kuma rage ƙarfin wuta sosai, kada karatun ya goge abin da ake karantawa.

Wanda ya fi damuna shi ne yarda da amsa ido rufe. Memristoci ba sa fitowa daidai wa daida ko da gida ɗaya ya ƙera su, don haka idan hanyoyi biyu sun yi kusa a tsawo, ragar tana iya zaɓar wadda ba ita ba. Maimaita gwajin sau da yawa, ka kuma auna amsar da lissafin Dijkstra, wato sananniyar dabarar gano gajeriyar hanya, a kwamfuta.