Hotunan RAW sun ƙi buɗuwa bayan sauya kwamfuta: kurakuran da masu hoto suka fi yi

Mai hoto ya dawo daga ɗaurin aure a Mabera ko Arkilla a Sakkwato, katin kyamara cike da hotunan RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ke rubutawa ba tare da gyara ba, dangin amarya sun fara kiran waya, ya zauna gaban kwamfutar da ya saya makon jiya, sai Photoshop ya ce bai gane irin wannan fayil ba. Kyamarar dai ita ce, tsohuwar kwamfuta kuma tana buɗe hotunanta ba gardama. A mafi yawan lokuta hotunan lafiyarsu ƙalau, abin da ke buɗe su ne aka baro a can. Don haka kafin komai, kada ka goge katin, kada kuma ka sallamar da tsohuwar kwamfutar sai ka ga aikinka ya buɗe a sabuwar.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar cewa Photoshop da kansa ke karanta RAW. Wata ƙaramar manhaja ce mai suna Camera Raw ke wannan aikin, kuma tana gane kyamarorin da suka fito kafin ita ne kawai. Canon na rubuta CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, amma ko a gida ɗaya kowane samfuri da irin rubutunsa: NEF na Nikon D750 daban da na D850. Masu saka manhaja a shagunan kwamfuta sun saba ɗora Photoshop CS6 don ba shi da nauyi, shi kuwa yana zuwa ne da Camera Raw 7, alhali D750 sai 8.7. A tsohuwar kwamfutarka wani ya taɓa sabunta ta ka manta.

Dubawa ba wuya. A Windows ka shiga Help, sannan About Plug-Ins, ka danna Camera Raw, lambar za ta fito. Ka gwada ta da jerin kyamarorin da Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, ya wallafa a shafinsa. Idan Creative Cloud kake biya, wato tsarin Adobe na biyan kuɗin amfani da manhajojinsa, sabuntawa ta wadatar. Idan CS6 ne, akwai iyaka: Camera Raw ɗinsa ta tsaya a 9.1.1 tun 2015. Canon 80D na buƙatar 9.5, 5D Mark IV na buƙatar 9.7, CR3 kuwa sai 2018 ya fito tare da EOS M50. Duk sauke-sauken da za ka yi, CS6 ba zai buɗe waɗannan kai tsaye ba, asarar data ce kawai. Haka Lightroom 6, wata manhajar gyaran hoto ta Adobe, ya tsaya a 6.14 a ƙarshen 2017.

Mafita ga mai tsohuwar manhaja ita ce Adobe DNG Converter, kyauta ce, tana juya RAW zuwa DNG wanda CS6 ke ganewa. A nan ma ana tuntuɓe sau biyu. Na farko, folda take karɓa, ba hoto ɗaya ba. Mutum ya shiga cikin foldar ya ga kamar babu komai, ya ce manhajar ta lalace, alhali foldar kanta zai zaɓa. Na biyu, a Change Preferences akwai wurin Compatibility, ka sa shi a Camera Raw 7.1 and later idan CS6 kake amfani da shi. Sababbin sigogin DNG Converter suna son Windows mai 64-bit na zamani, ba za su hau tsohuwar Windows 7 ba. Ka ajiye ainihin fayilolin ko bayan juyawa, domin manhajar Canon ko ta Nikon ba ta aiki da DNG. Su ma waɗannan hanya ce mai kyau: Digital Photo Professional na Canon, NX Studio na Nikon da Imaging Edge na Sony duk kyauta ne, za ka gyara haske a ciki ka fitar da TIFF mai 16-bit ka kai Photoshop.

Wasu kuma foldar Photoshop suke kwafowa ɗungurungum a filas su zuba a sabuwar kwamfuta. Ko manhajar ta tashi, RAW ba zai buɗe ba, saboda Camera Raw ba a cikin wannan foldar take zaune ba. Fayil ne mai suna Camera Raw.8bi a ƙarƙashin Program Files, Common Files, Adobe, Plug-Ins, sannan CC ko CS6, sannan File Formats. A saka manhajar daga tushe ya fi a tsaya tsintar fayiloli. Sauya sunan fayil daga CR3 zuwa CR2 ko JPG kuma ba ya sauya abin da ke ciki, a daina.

Akwai matsalar da ta fi wannan cin rai: hoton ya buɗe, amma duk gyaran da aka kwana ana yi babu shi. Camera Raw ba ta taɓa ainihin RAW. Gyaran tana rubuta shi a wani ɗan fayil mai ƙarewa da XMP, 'yan kilobait kawai, sunansa ɗaya da na hoton, a gefensa. Mai kwafa ya ga waɗannan ƙananan fayiloli ya ɗauka shara ce, ya zaɓi manyan ya bar su. Ka koma ka kwaso foldar gaba ɗayanta. Idan ka sauya sunan hoto, ka sauya na XMP ɗinsa daidai, in ba haka ba sun rabu ke nan.

Lightroom Classic kuwa a kundinsa yake ajiye gyara, fayil mai ƙarewa da LRCAT, wanda yawanci ke cikin Pictures, foldar Lightroom. Ka kwafo shi ka buɗe shi a sabuwar kwamfuta. Za ka iya ganin alamar tambaya a kan foldoji da alamar motsin rai a kan hotuna. Dalili shi ne faifan ajiyarka na waje da tsohuwar ke kira E, sabuwar ta kira shi D ko F. Ka danna dama a kan babbar foldar da ke sama, ka zaɓi Find Missing Folder, ka nuna masa inda take, sauran za su biyo. Ko ka shiga Disk Management ka mayar wa faifan tsohon harafinsa. Abin da ba a so shi ne a sake shigo da hotunan ta Import: za su shigo sabbi fil, ba gyara, ba taurarin da ka sa wa waɗanda amarya ta zaɓa. Launukan da ka haɗa ka adana, waɗanda suka dace da hasken hunturu ko jan ƙasar filin idi, suna cikin AppData, Roaming, Adobe, CameraRaw, Settings. Foldar AppData a ɓoye take, shi ya sa ake mantawa da ita.

Wani lokacin kuma fayil ɗin ne ya samu rauni a hanya. An ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa, ko an zare filas ba a sallame shi ba, ko filas ɗin jabu ne da ke nuna 64GB alhali bai kai ba. Kada ƙaramin hoton da ke fitowa a folda ya ruɗe ka, wannan JPEG ne da kyamara ta cusa a cikin RAW, yana iya fitowa tsaf alhali sauran ya lalace. Girman fayil za ka duba: RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 20 zuwa 30. Ka ga ɗaya yana nuna megabait 3 ko sifili, ka sake kwafowa daga kati. Idan kuma ƙaramin hoton ne bai fito ba a Windows, Raw Image Extension za ka sauke daga Microsoft Store, wannan bai shafi Photoshop ba.

Wanda ya tashi daga Mac zuwa Windows zai tarar Windows ba ta ganin faifan da aka tsara da APFS, har takan nemi a yi masa fomat. Kada ka yarda, fomat zai goge abin da ke ciki. Ka mayar da shi kan Mac, ka kwashe hotunan zuwa faifai mai exFAT, wanda dukansu biyu ke karantawa su rubuta.

Idan hoton ya buɗe amma allo ya yi baƙi ko launi ya watse, wanda ke yawan faruwa a tsofaffin kwamfutocin da aka shigo da su, katin hoto na kwamfutar (graphics card) ne ya tsufa ko direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi. Ka shiga Preferences na Camera Raw, sashen Performance, ka kashe Use Graphics Processor, ka rufe Photoshop ka sake buɗewa. Mai biyan Adobe kuma ya tuna kwamfuta biyu kawai ake yarda ya shiga da asusunsa; idan ta shago da ta gida sun riga sun cike gurbin, sai ya fita daga ɗaya kafin sabuwar ta karɓe shi.