Yadda ake zaɓen robar kan keke wadda ba ta gajiyar da hannu

Mai keken da ke tasowa daga Tibiri ko Jiratawa da kaya zuwa babbar kasuwar Maradi yana kula da taya da birki da sarƙa, amma robar da tafinsa ke kwance a kai tun fita har dawowa ba ya waiwayarta sai ta yage. Alhali sau da yawa ciwon wuyan hannu da mutuwar yatsu daga wurinta suke. Zaɓenta ba wuya, in dai hannunka ka bi, ba launinta ko laushinta a shago ba.

Da farko, lura da inda hannun ke damunka bayan doguwar tafiya. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne ke mutuwa, jijiyar da ta bi ta gefen tafi ce nauyin jikinka ke dannewa, don haka roba mai faɗi kake buƙata, irin mai ɗan fiffike inda gindin tafi ke zama. In kuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya ne, wuyan hannun ne ke lanƙwashewa fiye da kima. Kanta da bororo kuma alama ce ta roba mai tauri, ko mai zane mai kaifi, ko wadda ke juyawa tana gogar fata.

Sai awo. Ƙarfen kan keke, a daidai inda ake riƙewa, kaurinsa milimita 22.2 ne a kusan duk kekunan da ke da miƙaƙƙen kai ko mai lanƙwasa zuwa baya, daga tsohon Phoenix har na gwanjo masu giya. Saboda haka ramin roba ba ya cika ba da matsala. Tsawo ne abin dubawa: wadda aka saba gani tana kai milimita 130, amma in giyar kekenka irin ta murɗawa ce a jikin hannu, gajera ta wajen milimita 90 ce za ta shiga ta wannan gefen. Keken tsere mai kai kamar ƙahon rago shi ba a sa masa roba, naɗe shi ake yi da tef na musamman.

Kauri shi ne inda mutane suka fi yin kuskure, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Yawancin robobi suna tsakanin milimita 30 zuwa 34 ta waje. Bambancin kamar ba kome, amma hannu yana jinsa. Je da kekenka wurin mai kayan keke, ka ce, "Maigida, ba ni in riƙa tukuna." Damƙe ta yadda kake yi in kana tuƙi, ba da ƙarfi ba. In kan yatsan tsakiya ya kusa taɓa tudun babban yatsa, to ta yi. In farce na nutsewa cikin tafi, ta yi siriri, za ka riƙa matse ta kullum har damtse ya gaji. In akwai tazara mai yawa tsakanin yatsan da tudun, ta yi kauri, kuma yatsunka za su sha wuya kafin su kamo birki. Wannan ya fi shafar yara da mata da ake saya wa keken manya. Ga su, siririya ta fi aminci.

Daga nan duba abin da aka yi ta da shi, kana tuna zafin garin nan. A watan Afrilu da Mayu ma'auni na wuce digiri 40, keke kuma yana yini a rana ƙofar shago. Robar leda mai ƙyalli, mai arha, tana bushewa ta yi tauri, gumi na taɓa ta sai santsi. Wadda ta cika laushi kuma rana na narkar da fuskarta ta koma danƙo, ta bar baƙi a hannu, ƙurar hunturu ta manne mata. Ta soso tana da daɗi a makonnin farko, tana rage girgizar hanyar da ba kwalta, sai dai tana shan gumi kuma ba ta jure jingina da bango. A ganina roba mai matsakaicin tauri da ƙananan zane ta fi dacewa da mai hawa kullum: danna ta da babban yatsa, ta ɗan lotsa ta dawo nan take. Ta silikon, in ka same ta, tana jure rana sosai.

Akwai kuma hanyar gida da nake ƙauna. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushi da ƙarko, ga dukawa a kusa. In robarka ta yi siriri amma tana zaune daram, baduku zai iya ɗinke mata rigar fata. Ka ce masa ɗinkin ya kasance ta ƙasa, inda tafi ba ya hawa, ka kuma kiyaye ta daga ruwan damina.

Wajen kamawa iri biyu ne. Akwai ta turawa kawai, akwai mai zoben ƙarfe da ƙaramin noti da ake ɗaurewa da makulli mai kusurwa shida. Mai zobe ta fi tsada, amma ba ta juyawa, kuma mai ɗaukar buhu ko jarkoki a baya ya san haɗarin roba ta zame a hannu cikin yashi.

Cire tsohuwa: in ta mutu, tsaga ta da reza a tsaye, a hankali kada ka karce ƙarfen. In kana son ajiye ta, cusa siririn sukundireba a bakinta, zuba ruwan sabulu kaɗan, murɗa ta fito. Goge ƙarfen tas, ka kankare tsatsa, ka bari ya bushe. In ta turawa ce, jiƙa cikin sabuwar da ruwa zalla ko alkol na kantin magani, ka tura ta da tafi tana juyawa har ta kai ƙarshe. Kada a sa man inji ko giris, don ba za ta taɓa kamawa ba, fetur kuma yana cin roba. Bar ta ta kwana kafin ka hau. In bakinta a buɗe yake, toshe ƙarshen ƙarfen da murfi; buɗaɗɗen bututu na iya huda ciki ko cinya in an faɗi, musamman ga yara.

Saura saiti. Hau keken, ɗora hannu, ka juya fiffiken har bayan hannu da damtse su miƙe layi ɗaya, sannan ka ɗaure notin, in mai zobe ce. Sassauta hannun birki ka karkatar da shi ƙasa kaɗan yadda yatsu za su sauka kansa ba tare da ka ɗaga wuyan hannu ba. In bayan haka nauyi na zubowa kan tafi, duba sirdi: hancinsa in ya sunkuya yana tura ka gaba, sai a daidaita shi ko a ɗaga kan keken. Yatsun da suka ci gaba da mutuwa kwanaki bayan ka sauka daga keke kuwa, a kai su likita ya duba.