Yadda ake lissafin ɓarɓashin da cibiyar atam ke fitarwa bayan ta kama muwon

Muwon, wani ɗan ɓarɓashi mai caji irin na ilektiron, ya fi ilektiron nauyi kusan sau 207, saboda haka idan ya tsaya a cikin ƙarfe yakan gangara har da'irar da ta fi kusa da cibiyar atam, inda furoton ke haɗiye shi ya rikiɗe ya zama nutiron, nutirino (ɓarɓashi marar caji mai ɗan ƙanƙanin nauyi) kuma ya fice. Za mu yi misali da alminiyam, domin shi ne ƙarfen da gwajin Mu2e na Fermilab a Amurka da gwajin COMET na J-PARC a Japan suka zaɓa don tsayar da muwon.

Da farko, a tantance yawan kamun. Ƙa'idar da Primakoff ya gabatar a 1959 ta isa a fara da ita, kuma awo ya nuna cewa a cikin alminiyam muwon yana rayuwa nanosakan 864, ana kama kusan kashi 61 cikin ɗari.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan ya kamata mai lissafi ya fi daɗewa. Daga cikin kuzarin MeV 105.7 da ke cikin nauyin muwon (MeV ma'aunin kuzari ne), nutirino ne ke kwashe mafi yawa, ya bar wa sabuwar cibiyar, wato magnesiyam-27, tsakanin MeV 10 da 20 a matsakaici. Sai dai matsakaicin kaɗai bai wadatar ba, dole a fitar da yadda kuzarin ya rarrabu gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki furoton da nutiron tamkar iskar Fermi, wato kowanne na yawo shi kaɗai ba ruwansa da sauran, zai samu sauƙi, amma zai rage ƙimar kamun da ke barin kuzari mai yawa, alhali daga nan furoton masu gudu suke fitowa. A ganina wajibi ne a shigar da kamun da ke faruwa a kan furoton biyu da ke maƙale da juna, ko da lissafin zai yi nauyi.

Daga nan a bi ɓarɓashin da ke fita da gaggawa, kafin kuzarin ya game cibiyar, ta hanyar tsarin eksiton da Griffin ya kawo a 1966, wanda ke bin yadda kuzarin ke bazuwa cikin cibiyar mataki-mataki. Abin da ya rage sai a miƙa shi ga tsarin Hauser da Feshbach na 1952, wanda ke ɗaukar cibiyar kamar ruwan zafi mai fitar da tururi. A wannan mataki nutiron ne ke rinjaye, ɗaya ko biyu a yawancin kamu, domin shingen Kulom, wato shingen da cajin cibiyar ke yi wa ɓarɓashi masu caji irin nata, yana tare furoton da alfa (cibiyar atam ɗin hiliyam).

A ƙarshe, a maimaita lissafin sau da yawa da manhaja irin Geant4 ko PHITS, sannan a gwada shi da awon da gwajin AlCap ya yi a cibiyar PSI ta Suwizalan. Idan adadin nutiron ya dace amma furoton masu gudu suka gaza, a koma mataki na biyu a sake duba rabon kuzarin.