Yadda na gyara alam mai bin cunkoson hanyar Mararaba

Tsarin: da ƙarfe 4:30 na asuba Tasker, manhajar Android mai yin ayyuka da kanta a lokacin da aka saita mata, yana tambayar Google Routes API (sabis ɗin Google mai lissafa hanya) tsawon lokacin tafiya daga Mararaba zuwa tsakiyar Abuja. Sai ya cire wannan, da minti 45 na shiri, daga ƙarfe 8:00 da nake son isa, ya saita alam. Amma amsa ɗaya yake dawowa da ita kullum, ko da Nyanya ta cushe.

Dalili biyu ne. Idan ba a sa routingPreference (zaɓin yadda za a lissafa hanya) a TRAFFIC_AWARE ko TRAFFIC_AWARE_OPTIMAL ba, Google ba ya kallon cunkoson da ke kan hanya a lokacin. Sannan ba tare da departureTime (lokacin fita) ba, hanyar 4:30 yake auna maka, lokacin da ba mota a titi. Na sa lokacin fita, kuma da agogon UTC (agogon duniya, mai alamar Z) ake rubuta shi: ƙarfe 6:00 a Najeriya shi ne 05:00Z.

Amsar kan zo kamar "4200s", wato daƙiƙa 4200. A cire "s" ɗin kafin a raba da 60, in ba haka ba lissafin ya rushe.

A fitar da Tasker daga tsarin tsimin batir, don Android na kashe shi da dare. Kuma a bar alam ɗin 5:30 a kunne saboda ranar da data ta ƙare.